Baƙar Rigar Kaka Ermelinda

Masu bibiyar labarina, na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ba ni da hankali in ari na maƙwabta. Na gode 'yar uwa, shawara ce mai kyau, sai dai ta zo a makare. Wanda ya shigo yau kuma bai rasa komai ba. Sunana Benedita, a wani ƙauye nake a saman tudu a yankin Minho na ƙasar Portugal, ni da Mama da kakata Ermelinda, kuma tun ranar da 'yan fim suka sauka a garinmu daga Lisbon ban sake samun natsuwa ba.

Daga littafi suka ɗauko fim ɗin. Wani tsohon malamin makarantar garinmu ne ya rubuta shi kafin ya rasu. Ya canza sunaye, amma ko tumakin garin nan sun san labarin Rosalina ne, yayar Kaka, wadda zazzaɓi ya ɗauke ana gab da bikinta. Ni ban karanta ba, don Kaka ta haramta a shigo mata da shi gida. Daraktan, Senhor Albano, dattijo ne mai farin gemu da ba ya ɗaga murya, kuma ba ya son ƙwararrun 'yan wasa. A bakin famfon gari ya gan ni da bokiti, ya nuna ni da haɓa ya ce ni ce Rosalina. Yana da wata ɗabi'a: ba ya ba kowa labarin gaba ɗaya. Sai kin iso wurin ɗauka za a faɗa miki abin da za ki yi, wai don kada fuskarki ta san gobe.

Sai kuma Gaspar, mataimakinsa. Dogo ne, mai tabarau, mai iya sauraro kamar maganarki ce kaɗai a duniya. Ba zan ɓoye muku ba, na faɗa, kuma faɗuwar ba ta da kyan gani. Na zauna na yi masa hankici irin namu, farin lilin, na yi surfanin jajayen zukata biyu da tsuntsu shuɗi da ɗan makulli a gefe, sai da yatsuna suka yi kanta. A wurinmu yarinya ce ke bayarwa. In saurayi ya ɗaura shi a wuya ya fito cikin mutane ranar Lahadi, ya karɓe ki. In ya mayar miki da abinki, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Na ba shi, ya yi dariya ya ce ya yi kyau, ya cusa a aljihu. Lahadi ta zo ta wuce, wuyansa fayau.

Ina kicin ranar Juma'a Mama na yanka kabeji siriri kamar gashi, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Telmo ya zo ya gyara mana rufin rumbu. Bai karɓi ko kofin ruwa ba."

"Allah ya saka masa."

"Allah ya saka masa? Shi ke nan? Yaro da shanunsa da motarsa, uwarsa na gaishe ni tun daga nesa, ke kina can kina bin mai tabarau kamar kazar da ta ga tsaba. Waɗannan mutanen baƙi ne, Benedita. Ranar da suka naɗe wayoyinsu ko sunan garin nan ba za su tuna ba."

"Mama, aiki nake yi fa."

"Aiki! Tsayuwa a bakin taga kina kallon bango rabin yini shi ne aiki? Da aiki ne da kakarki ta fi kowa arziki."

Wayata ta yi ƙara a aljihun gaban rigata. Na juya baya na duba. Saƙon Gaspar ne.

"Kin yi mata maganar rigar? Darakta ya ce in ba ita ba, babu fim. Ina kewar dariyarki."

Rigar. To, bari in gaya muku. A ƙafar gadon Kaka akwai wata adaka ta katako, cikinta rigar aurenta. Baƙa ce, kamar ta kowace amarya ta zamaninsu: siket na karammiski mai nauyi, 'yar shara, da ƙyallen gaba da aka zuba wa baƙaƙen duwatsu masu ƙyalli har ba a ganin yadin. Da ita aka kai ta coci, kuma da ita za a kai ta kabari, haka matan garinmu suke yi tun kaka da kakanni. Duk shekara in sanyi ya wuce sai ta fito da ita ta shanya a inuwa, ta gwada. In ta matse, ta farke gefe ta ƙara ƙyalle. Ta haifi Mama ta ƙara, kakana ya rasu ta ƙara, da ciwon zuciya ya fara kumbura mata jiki ma, da hannunta mai rawa ta zauna ta ƙara. Takan ce, "Da ita na shigo gidan nan, da ita zan fita. Kada wanda ya kai ni gaban Ubangiji da rigar barci."

Gaspar ya taɓa zuwa da kansa ya roƙa. Ya zo da kwalin kek, ya zauna a bakin kujera yana Dona Ermelinda kaza, Dona Ermelinda kaza, wai rigunan da aka ɗinka musu a Lisbon ba su da rai a kyamara. Kaka ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ɗana, a garinku ana aron likkafani?"

Ya yi dariyar yaƙe.

"To a nan ba a yi. Ka ci kek ɗinka, ni ciwon siga ya hana ni."

Na ɗauka maganar ta mutu a nan, ashe bai haƙura ba. Sai ga Lahadin da ta biyo baya, mun fito daga coci, mata na gyara mayafi, ina ɗaga ido na hango Gaspar jingine da bangon dutse, hankicina ɗaure a wuyansa, jajayen zukatan a waje kowa na gani. Dona Piedade, ƙawar Kaka tun suna 'yan mata, ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "A'a, 'yar nan, ashe kin iya kamun kifi a kan tudu." Mama ta ɗaure fuska ta yi gaba. Telmo na tsaye gefen motarsa, ya kalli wuyan Gaspar, ya kalli takalminsa, ya shiga ya ja.

Da yamma saƙon Gaspar ya shigo. "A fim ɗinmu Rosalina za ta sa rigar amarcinta. Abin da duniya ta hana ta, mu za mu ba ta. Yini ɗaya kacal, kafin a zuba miya ta koma adaka. Ki yarda da ni."

Na san abin da za ku ce. Ni ma na faɗa wa kaina. Amma wanda ya ɗaura hankicinki a gaban gari, da wane baki za ki ce masa a'a?

Washegari Mama ta tafi gonar masara. Na shiga ɗakin Kaka da sanɗa. Tana kwance an tokare ta da matasai, numfashinta na fita da ƙyar, ƙafafunta sun kumbura har bargo ya yi tudu. Na ɗaga murfin adakar a hankali, amma warin kafur ba ya jin rarrashi, nan take ya cika ɗakin.

"Wa ke taɓa mini kaya?" Idonta a rufe.

"Ni ce, Kaka. Asu nake dubawa."

"Asu bai taɓa cin rigar nan ba." Ta ja numfashi. "Mutum nake tsoro."

Na tsaya da rigar a hannu har na ji numfashinta ya koma na barci. Da na ga dama, a lokacin da na mayar. Na naɗe ta a zanen gado, na rufe adakar, na fita ta ƙofar baya.

A wani tsohon gida suke ɗauka, can ƙasan kwari kusa da rafi, inda kurangar inabi ta cinye rabin bango. Mai kula da tufafinsu, wata mata da allurai a bakinta, ta karɓi rigar tana ta sambatu kamar ta tsinci zinari. Ta sa mini, ta zagaya ni, ta taɓe baki. "Mutum biyu za su shiga nan. Cire ki ba ni." Na cire na je aka yi mini kitso, aka rataya mini sarƙoƙi na ƙarya. Da na dawo rigar ta zauna mini cif kamar don ni aka ɗinka. Har na fara murmushi a madubi, sai idona ya sauka kan kwandon da ke ƙasa. Ƙyallayen Kaka ne a ciki, an farke su ɗaya bayan ɗaya, baƙinsu ma ba iri ɗaya ba ne, wani ya koɗe wani sabo.

"Me kika yi?" Muryata ta fita kamar ba tawa ba.

"Faci ne kawai na cire, 'yan mata. Ba su da kyau a hoto. In an gama sai a mayar."

Na fito neman Gaspar, siket ɗin na jan ƙafata. Na tura ƙofar falon gidan. An rufe tagogi sai guda ɗaya, an kunna kyandirori, an jera kujeru a jikin bango, tsofaffin matan garinmu na zaune a kai cikin baƙaƙen kaya, waɗanda aka ɗauko su cika wuri. A tsakiyar ɗakin, a kan teburi, akwatin gawa ne a buɗe.

Babu furen biki, babu ango.

Hirar matan ta tsaya cak. Dona Piedade ta miƙe a hankali, ta zo har gabana, ta kama bakin ƙyallen gaban ta murza duwatsun da yatsa. "Ni na taya ta zuba waɗannan," ta ce ƙasa ƙasa. "Ermelinda ta san rigar nan ta fito?"

Na sunkuyar da kai.

"Ya Maryamu." Ta saki, ta goge hannunta a siket ɗinta. "Yarinya, rigar nan sau ɗaya take shiga akwati. Kada ki koya mata hanya."

Gaspar ya iso da sauri ya ja ni gefe, hankicina na nan a wuyansa.

"Ka ce za ta sa rigar amarcinta!"

"Ga shi kuwa ta sa. Da rigar amarcinta aka binne Rosalina, kowa ya sani. Ban yi miki ƙarya ba, Benedita."

"Ka san abin da na ɗauka."

"Da na faɗa miki da ba ki zo ba, kuma Senhor Albano ba ya yarda a faɗa. Dubi hasken tagar can. In rana ta faɗa bayan tudu shi ke nan, an yi asarar yini. Ɗauka ɗaya ce, ba yankewa. Ki kwanta, ki rufe ido, ki tashi, ni da kaina zan riƙe fitila a mayar da facin nan." Ya kama yatsuna, waɗanda suka yi kanta saboda shi. "Kin riga kin kawo ta. In kika tafi yanzu, an farke ta a banza."

Wannan maganar ce ta kama ni, don gaskiya ce. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na cusa wayata a 'yar jakar da ke rataye a ƙugun rigar, na taka kujera, na shiga.

Katakon na da sanyi, kuma ya matse mini kafaɗu. Suka haɗa mini hannuwa a ƙirji, suka saƙala mini carbi. Senhor Albano ya leƙo, ya daɗe yana kallona kamar mai duba kifi a kasuwa. "Fuskar ta cika rai," ya ce. "A rufe ta. Ba da wannan mayafin ba, ya yi sabo. Ina son abin da hannu ya taɓa."

Gaspar ya waiwaya hagu da dama. Sai na ga ya kai hannu wuyansa.

Ya kwance hankicina, ya karkaɗe shi, ya shimfiɗa mini a fuska. A gaban Dona Piedade, a gaban duk matan da suka gan shi jiya a ƙofar coci. Na ji wata ta ja numfashi, wata ta ce "Wayyo" a ciki ciki. Har yau ban sani ba, ko bai san abin da ya yi ba ne, baƙo ai makaho ne ko da idonsa, ko kuwa ya sani sarai, hankicin ya gama aikin da aka ɗaura shi dominsa. Na kwanta ina shaƙar turarensa a jikin zaren da na yi surfani da shi, zuciyata na ƙuna.

"A fara," in ji dattijon.

Matan suka soma kukan da aka ce su yi. Kukan haya ne, da ji ka sani, wata ma har tana tari a tsakiya. An ce kada in bari ƙirjina ya motsa, sai na dinga satar numfashi kaɗan kaɗan. Ta cikin lilin ina ganin hasken kyandir ja ja. Kyamara na tafiya a kan layin ƙarfenta a hankali, ina jin ƙarar tayoyin.

Sai wayar ta fara rawa a ƙuguna.

Ta yi ta gaji ta tsaya. Ta sake. Ta tsaya. Ta sake. Babu mai kirana haka a jere sai mutum ɗaya, kuma Mama ba ta kira daga gona.

Daga can saman tudu ƙararrawar cocinmu ta buga.

Ba bugun lokaci ba ne, ba na kiran addu'a ba. Bugun nan ne mai nauyi, mai jan jiki, wanda kowane ɗan garinmu ya sani tun yana goye. In namiji ne zubi uku ake yi, in mace ce biyu. Kukan matan ya yanke kamar an sa wuƙa. Kowa na ƙirge, ni ma ina yi a ƙarƙashin hankici. Zubi na farko ya ƙare. Na biyu ya ƙare. Na kwanta ina roƙon Allah, ku yafe mini, ina roƙon a buga na uku, wani namiji ya mutu, ko waye shi.

Ba a buga ba.

Wata kujera ta yi ƙara. Sai muryar Dona Piedade ta tashi, kuma wannan karon ba na haya ba ne. "Ermelinda! Wayyo Ermelinda, kin tafi kin bar ni!" Sauran suka kama. Ɗakin ya cika da kukan da na sani, mai tsaga ciki. Na ji Senhor Albano na raɗa, muryarsa na rawa don daɗi, "Ci gaba, ci gaba, kada a yanke." Kusa da kaina kuma, ƙasa da inda kyamara ke gani, Gaspar ya ce, "Kada ki motsa. Saura kaɗan. Don Allah kada ki motsa."

Na tashi zaune.

Wata daga cikin 'yan Lisbon ta yi ihu. Na dira daga teburin, carbi ya tsinke, na ratsa wayoyinsu na fita. Ban san yadda na hau tudun nan ba da siket mai nauyin buhu. Mutane na fitowa ƙofar gidajensu saboda ƙararrawa, sai su ga amarya cikin baƙi tana gudu ba takalmi, su yi alamar gicciye su ja baya.

Motar Telmo na ƙofar gidanmu, shi ya ɗauko Fada, limamin cocinmu. Ya gan ni, ya cire hularsa, ya kau da kai. Mama na tsaye a bakin ɗakin Kaka, hannunta da ƙasar gona har yanzu. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni tun daga kitso har ƙafa. A bayanta ina hango adakar, murfinta a buɗe.

"Na dawo na same ta tana haki," ta ce. "Ta ce lokaci ya yi, in fito mata da rigarta ta gani. Na buɗe a gabanta, Benedita. Tana kallo na buɗe."

"Mama..."

"Ba ta zage ki ba. Cewa ta yi, ki bar yarinyar, za ta kawo. Ta yi ta kallon ƙofar nan." Ta miƙo mini hannu. "Cire. Matan wanka na hanya."

Na cire a nan tsakar ɗaki. Mama ta karɓa, ta ɗaga ta, ta juya gefen, ta bi ɗinkin da yatsa. Ta kalli faɗin ƙugun, wanda bai wuce nawa ba. Ta juya ta kalli gadon, inda Kaka ke kwance da jikin da ciwo ya kumbura.

"Ina sauran rigar?"

Sai a lokacin na lura hankicin na dunƙule a hannuna, ban san na taho da shi ba. Wayar kuma ta sake rawa a cikin jakar rigar, a hannun Mama. Ita ta zaro ta, ta karanta, ta miƙo mini. Gaspar ne.

"Na ji abin da ya faru, ki yi haƙuri sosai. Ƙyallayen suna wurina, na adana miki. Amma kin tashi kafin a kai ƙarshe, darakta ya ce dole a sake, da hasken yamma irin na yau. Ki zo gobe da rigar a jikinki, ana gamawa ki tafi da komai."

Daga falo na ji Fada na gaya wa Telmo ya sanar da mai haƙa kabari. Gobe da yamma za a binne Kaka.